MU KULA DA ƘASHIN 'YA'YANMU

Jama'a, karatunmu na yau a kan ƙashi ne, ƙashin 'ya'yanmu. Babu ƙauyen da mutum zai shiga a ƙasar Bebeji, ko Ƙiru, ko Tudun Wada, ko Doguwa, ya rasa yaron da ya taɓa karyewa. Wani daga kan mangwaro ya faɗo. Wani jaki ya kayar da shi. Wani a wurin langa, ko kokawa, ko ƙwallo ya gamu da tsautsayi. Wani kuwa babur ya buge shi a bakin titi.

Yawancin yaran nan sun warke sarai, suna noma suna kiwo. Amma akwai waɗanda suka tashi da shanyayyen hannu. Akwai ma waɗanda suka rasa hannun ɗungum. Hausawa sun ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne. Amma abin da za a yi bayan ya auku, wannan yana hannunmu, mu iyaye. Shi muke so mu koya yau.

YADDA ƘASHIN YARO YAKE

Babban mutum yana da ƙasusuwa 206. Na jariri sun fi haka yawa, domin waɗansu sai yana girma suke haɗewa su zama ɗaya. Ƙashi abu ne mai rai. Jini yana shiga cikinsa yana fita, yana ciyad da shi, kamar yadda ruwa ke ciyad da shuka.

Dukanmu mun san kara. Busasshen kara in ka tanƙwara shi sai ya ɓalle gida biyu. Ɗanyen kara kuwa sai ya lanƙwashe, gefe ɗaya ya tsage, ɗayan yana nan riƙe. To, ƙashin babba kamar busasshen kara yake, na yaro kamar ɗanye. Saboda haka yaro ya kan karye, amma hannun bai rabu biyu ba, har yana iya motsa yatsu. Sai iyaye su ce ai ba karaya ba ce. Alhali kuwa karaya ce.

Akwai wani abu kuma. Kusa da bakin kowane dogon ƙashi na yaro akwai wani ɗan faifai na guringuntsi. Daga nan ƙashi yake tsawo. Mu kira shi wurin tsiro. Yana aiki har yarinya ta kai shekara 14 zuwa 16, namiji kuwa 16 zuwa 18, sa'an nan ya rufe, tsawo ya tsaya.

Wannan ya koya mana abu biyu. Na fari, ƙashin yaro yana saurin haɗewa. Karayar hannu da za ta ɗauki babba wata biyu ko uku, ta yaro ta kan haɗe cikin mako huɗu zuwa shida. Na biyu, in karaya ta bi ta wurin tsiro, ba a kuwa gyara ta daidai ba, tsiron ya kan lalace. Ciwo ya warke, kowa ya manta. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai a ga ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ko hannu ya karkace. Ido ba ya ganin wurin tsiro. Hannu ba ya lalubo shi. Sai hoton ƙashi kaɗai ke nuna shi.

TARGAƊE NE KO KARAYA?

Targaɗe shi ne jijiyoyin da ke ɗaure gaɓa su ja fiye da kima, ko su ɗan yage. Ga babba ya fi yawa. Ga yaro kuwa jijiyoyin nan sun fi wurin tsiro ƙarfi. Saboda haka faɗuwar da za ta ba babba targaɗe, yaro sau da yawa karaya take ba shi.

In yaro ya dawo daga filin ƙwallo yana ɗingishi, mu zaunad da shi. Mu ɗora ƙafar bisa matashi. Mu jiƙa tsumma da ruwan randa mai sanyi mu riƙa sa wa wurin. Kada mu ja, kada mu murza, kada mu gasa da ruwan zafi. Sa'an nan mu duba abu huɗu. Ya kasa taka ƙafar ko taku huɗu? In an taɓa kan ƙashin yana ihu? Wurin ya karkace, bai yi kama da ɗan'uwansa ba? Kwana biyu sun wuce ba sauƙi? In an sami ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai asibiti.

ƊORI DA HATSARINSA

Mun san dalilin da ya sa ake fara zuwa wurin mai ɗori. Yana kusa. Mun san shi, mun san ubansa. Kuɗinsa kaɗan ne, wani ma sai abin sadaka. Kuma mun ga mutane da yawa da ya ɗora sun warke. Ba mu zo don mu ci mutuncin kowa ba. Amma akwai wani hatsari da ya kamata kowane uba da kowace uwa su sani, har da masu ɗorin kansu.

In ƙashi ya karye, wurin ya kan yi ta kumbura har kwana biyu ko uku. A ce an jera karare kewaye da hannun yaro, an ɗaure tam da tsumma ko igiya tun ran fari. Nama yana kumbura, ɗauri ba ya saki. Sai jijiyoyin jini su matse. Kun ga yadda manomin rani a Tiga ke datse ruwa da ƙasa, fangalin da ke gaba ya bushe? Haka hannun nan zai zama. Naman da jini bai kai gare shi ba, cikin awa shida zuwa takwas ya kan fara mutuwa. In ya mutu kuwa ba ya dawowa. In abin ya zo da sauƙi, yatsu su ƙanƙance, hannu ya shanye har abada. In ya yi tsanani, hannu ya yi baƙi, ya ruɓe, dafin ya shiga jiki.

Wurin da ya fi hatsari shi ne bisa gwiwar hannu kaɗan. Yara 'yan shekara biyar zuwa bakwai nan suka fi karyewa in sun faɗo sun dafa ƙasa. Babbar jijiyar jini ta bi ta gaban ƙashin nan daidai. Wannan karaya ba ta gida ba ce ko kaɗan.

Ga alamun da ke nuna ɗauri ya matse. Mu haddace su kamar sunayen 'ya'yanmu.

1. Yaro yana kuka ba ya yin shiru, ciwo sai ƙaruwa yake yi.
2. In an miƙe masa yatsa ɗaya sai ya yi ƙara.
3. Yatsu sun kumbura, sun yi sanyi.
4. Ya ce ba ya jin yatsunsa, ko ya kasa motsa su.
5. Fata ta yi bororo, ko ta fara baƙi, ko wari ya tashi.

In mun ga ko ɗaya, mu kwance ɗaurin nan take, mu kama hanya. Ko da tsakar dare ne, kada mu ce sai gari ya waye.

Mun sha jin ana cewa, "In ka kai yaro asibiti yanke masa hannu za a yi." Mu duba maganan nan da kyau. Likita ba ya yanke hannu mai rai. Wanda ake yankewa shi ne wanda ya zo a mace, bayan ya kwana goma a ɗaure, don kada dafinsa ya kashe yaron. Da an kawo shi ran fari, da filasta kawai za a sa masa ya koma gida.

TAIMAKON FARKO

To, yaro ya faɗo, mun ga alamar karaya. Me za mu yi kafin mu isa asibiti?

Kada mu ja hannun, kada mu yi ƙoƙarin miƙe shi. Mu bar shi yadda yake. Mu sami kwali ko ɗan katako, mu shimfiɗa masa zane mai laushi, mu ɗora hannun a kai. Mu naɗe sako-sako, yadda yatsa zai iya shiga ƙarƙashin ɗaurin. Mu bar yatsu a waje don mu riƙa ganinsu. Mu danna farce har ya yi fari, mu saki. In jini na tafiya, ja zai komo kafin mu ƙirga uku. Sa'an nan mu rataye hannun a wuya da ɗankwali. In ƙafa ce, mu sa zane tsakaninta da mai lafiyar, mu haɗa su mu ɗaure.

In ƙashi ya huda fata, ko akwai rauni a wurin, mu rufe da tsumma mai tsabta. Kada mu zuba toka, ko ƙasa, ko garin magani. Ƙazanta in ta shiga ƙashi wuyar fita gare ta. Irin wannan karaya tana bukatar wanki a asibiti, da allura, a ranar.

Kada mu ba yaron abinci a hanya, domin watakila za a sa shi barci a gyara ƙashin, ana kuwa so ciki ya zama wofi. In daga sama ya faɗo, yana kukan wuya ko baya, kada mu naɗe shi mu ɗora a babur. Mu kwantad da shi bisa ƙyaure ko faffaɗan katako, mutum ɗaya ya riƙe kansa kada ya juya, a nemo mota.

ASIBITIN ƘASHI NA DALA

Mu fara da asibitin gwamnati da ya fi kusa da mu. Can za a tsai da jini, a ba da maganin ciwo, a tallafe ƙashin. Ƙaramar karaya a kan gama da ita a nan. Wadda ta fi ƙarfinsu sai su ba mu takarda zuwa Kano.

A birnin Kano, wajen Ƙofar Ruwa, akwai asibitin da aka gina musamman domin ƙashi. Shi ne Asibitin Ƙashi na Dala. An buɗe shi a 1959, zamanin Gwamnatin Jihar Arewa, ana saura shekara guda Nijeriya ta sami mulkin kai. A 1979 Gwamnatin Tarayya ta haɗa shi da na Igbobi a Legas, da na Inugu, ƙarƙashin hukuma ɗaya. Mutanen Doguwa da na Tudun Wada su kan biyo hanyar Jos su ɓullo Kwanar Ɗangora, su hau titin Zariya zuwa Kano. Mutanen Ƙiru da na Bebeji sun fi su kusa.

In an isa, sai a yanki kati, likita ya duba, a ɗauki hoton ƙashi. Wani masani a Jamus, sunansa Rontgen, shi ya gano hasken da ake ɗaukar hoton nan da shi, a 1895. Hasken yana ratsa nama ya nuna ƙashi. Ba zafi, ba yanka. Da hoton ne likita zai ga inda ƙashi ya karye, da ko ya taɓa wurin tsiro.

Yawancin yara ba a yi musu aiki. A kan ba su maganin barci ko na kashe zafi, a mai da ƙashi wurinsa, a naɗe da auduga, a sa filasta, wadda mutane ke ce wa siminti. In ana tsoron kumburi, rabin filasta ake sa wa tukuna, ko a tsaga ta, don nama ya sami wurin numfashi. Karayar gwiwar hannu in ta goce ƙwarai, a kan riƙe ta da 'yan siraran ƙarafa, a zare su bayan mako uku ko huɗu. Akwai kuma masu koya wa gaɓa motsi bayan an cire filasta. Akwai masu yin ƙafar roba, da takalman ƙarfe domin yaran da shan inna ya taɓa.

In an sallame mu, sauran aiki namu ne. Kada filasta ta jiƙe. Kada yaro ya cusa tsinke ciki don susa. Kada mu cire da kanmu don mun ga ya fara wasa. Ranar da aka ce mu koma, mu koma. Kuma alamun nan biyar da muka haddace, filastar asibiti ma ta kan matse. In mun gan su, mu juya nan da nan.

CIWON ƘASHI BA TARE DA FAƊUWA BA

Ba karaya kaɗai ake kai wa Dala ba. Ga waɗansu cututtuka huɗu da ya kamata mu gane.

Na ɗaya, murɗaɗɗiyar ƙafa. A kan haifi jariri tafin ƙafarsa ya juya ciki, yana duban ɗan'uwansa. Cikin haihuwa dubu a kan sami kamar ɗaya. Ba laifin uwa ba ne, ba kuwa aikin iska ba ne. Wani likita mai suna Ponseti, wanda ya yi aiki a Amurka, ya fito da hanyar gyara ta tun wajen 1950, yanzu duniya duka ita ake bi. Kowane mako likita zai ɗan juya ƙafar a hankali da hannunsa, ya sa filasta. Haka za a yi sau biyar zuwa takwas. Sau da yawa a kan ɗan saki agara da ƙaramin yanka. Daga nan sai takalma biyu da aka haɗa da sanda. Jariri zai sa su dare da rana har wata uku, sa'an nan da dare kawai har ya kai shekara huɗu ko biyar. In an fara a makonnin farko, cikin yara goma fiye da tara su kan taka ƙafa daidai, su yi gudu, su buga ƙwallo. Wanda aka bari ya girma yana taka gefen ƙafa, sai babban aiki. In iyaye suka gaji suka jefad da takalman, ƙafa ta kan koma yadda take.

Na biyu, gwame da ƙafar da ta lanƙwashe kamar baka. Ƙaramin yaro da bai kai shekara biyu ba, ƙafarsa ta kan ɗan yi baka. Ɗan shekara uku ko huɗu ya kan ɗan yi gwame. Wannan ba ciwo ba ne, zuwa shekara bakwai ya kan miƙe da kansa. Amma in abin ƙaruwa yake yi, ko ƙafa ɗaya ce kawai, ko wuyan hannu ya yi kauri, ko yaro yana kukan ƙafa ba ya son tafiya, to, ƙashinsa ne ya yi laushi. Ƙashi yana bukatar wani sinadari da likitoci ke kira kalsiyam, kamar yadda gini ke bukatar tubali. Yana kuma bukatar bitamin D, wanda fata ke yi in rana ta taɓa ta. A 1999 likitoci a Jos suka bayyana gwajin da suka yi wa yara masu wannan ciwo. Suka ga waɗanda aka ba kalsiyam sun fi warkewa bisa waɗanda aka ba bitamin D shi kaɗai. Watau rana muna da ita, tubalin ne ya yi ƙaranci. Tuwon dawa da na masara ba su da shi da yawa. Ana samunsa a nono, da kindirmo, da kuka, da zogale, da riɗi, da ƙananan kifi in an daka su har da ƙayarsu. Duk waɗannan akwai su a kasuwanninmu. Yaron da aka yaye, mu riƙa dama masa fura da nono, mu zuba garin kifi a miyarsa. In ƙafa ta riga ta lanƙwashe, likita zai fara da magani. Da yawa su kan miƙe ba tare da aiki ba.

Na uku, ƙwayar cuta a cikin ɓargo. Yaro ya kwana lafiya, ya tashi da zazzaɓi mai zafi, yana nuna wuri ɗaya a ƙwauri ko cinya, ya ƙi taka ƙafa. Masu amosanin jini, watau sikila, sun fi kamuwa. Kada mu yi sakiya, kada mu yi ƙaho. In an kai shi cikin kwana biyu ko uku, magani ya kan kashe cutar, amma sai an sha makonni ana ba shi. In an yi jinkiri, wani yanki na ƙashin ya kan mutu a ciki, mugunya ta yi ta zuba shekara da shekaru, sai an yi aiki an fid da mataccen.

Na huɗu, tarin fuka na ƙashin baya. Ƙwayar tarin fuka ba huhu kaɗai take ci ba. Yaro yana ramewa, yana zufa da dare, yana kukan baya, ba ya iya sunkuyawa, sa'an nan wani ɗan ƙullutu ya fito a gadon bayansa. In an bari sai doro, wani ma ƙafafunsa su mutu. Maganin tarin fuka kyauta ake ba da shi a asibitin gwamnati. A kan sha shi har shekara guda, ba a fasawa ko an ji sauƙi.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Ba mu ce a hana yara wasa ba. Gudu da tsalle su ke ƙarfafa ƙashi. Amma mu tsince duwatsu da kututture daga filin ƙwallo, mu cike ramuka. Kada a haɗa ƙaramin yaro kokawa da wanda ya fi shi nesa. Lokacin mangwaro mu yanko musu doguwar gora. Wanda aka cire wa filasta, kada ya koma fili sai likita ya yarda.

Mun sani zuwa Kano da kuɗi, ga na mota, ga na hoto, ga na magani. Shi ya sa muke ba 'yan ajin nan shawara su kafa asusu. Kowa ya riƙa jefa abin da ya sawwaƙa ran kasuwa, a damƙa wa amintacce. A kuma san mai motar da za a tasa ko da dare, a rubuta lambar wayarsa. Ga amfanin karatu ya fara fitowa. Wanda ya iya karatu shi zai karanta ranar komawa a jikin kati, ba sai ya nemi wani ba.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da muka koya yau, mu gaya wa matanmu da maƙwabtanmu, mu gaya wa mai ɗorin garinmu cikin girmamawa. Allah ya raya mana 'ya'yanmu da lafiya, amin.

TAMBAYOYI

1. Mene ne bambancin ƙashin yaro da na babba?
2. Me ke faruwa in karaya ta lalata wurin tsiro?
3. Faɗi alamu biyar da ke nuna ɗauri ya matse.
4. A wace shekara aka buɗe Asibitin Ƙashi na Dala?
5. Waɗanne abinci ke ƙarfafa ƙashin yaro?
6. Rubuta wannan a littafinka: Ɗauri sako-sako, yatsu a waje, asibiti yau.